Ƙwallon Kwando: Suleja Ta Fara Da Ofis Kafin Ta Tara 'Yan Wasa

A watan Yunin 2019 ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada ta ɗauki kofin NBA, gasar ƙwallon kwando mafi tsada a duniya, karo na farko a tarihinta. Cikin waɗanda aka fi jinjina wa a daren har da mutumin da bai jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba a duk kakar, wato shugaban ƙungiyar, Masai Ujiri. A Zariya ya tashi, a can ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya buga wasa a Turai na wasu shekaru bai yi wani suna ba, daga nan ya koma nemo wa ƙungiyar Orlando Magic matasa masu hazaƙa, ba albashi, shi ke biyan kuɗin tafiyarsa. Sannu a hankali ya yi ta hawa har ya zama babban manajan Denver Nuggets a 2010, aka zaɓe shi gwarzon jami'in gudanarwa na NBA a 2013, a shekarar kuma ya koma Toronto. Shi ne a 2018 ya yanke shawarar da ta ɓata wa magoya baya rai, ya ba da ɗan gaban goshinsu DeMar DeRozan ya karɓo Kawhi Leonard, shekara na zagayowa kofi ya zo gida. Ke nan babban mutumin da Arewa ta ba ƙwallon kwandon duniya zuwa yau ɗan ofis ne. Amma idan ana hirar wasan a garuruwanmu, tsawon yaro da iya tsallensa kaɗai ake kallo, ba wanda ke tambayar wa zai riƙe littafin kuɗi.

Ra'ayina shi ne, idan Suleja za ta kafa ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙwararru, kuma ina ganin ya dace ta kafa, to ta fara ɗaukar manajan kasuwanci da akawu tun kafin ta ɗauki ɗan wasa ko ɗaya. Wannan ya saɓa wa yadda aka saba. Abin da aka saba shi ne a tara yara, a ɗinka musu jesi, a yi bikin ƙaddamarwa da manyan baƙi, sai ranar tafiya wasan farko a fara neman kuɗin mota. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake raba aiki a ƙungiyoyin da suka zauna da gindinsu. Kowace daga cikin ƙungiyoyi 30 na NBA gida ce mai sassa biyu. Sashe na farko shi ne na wasa: babban manaja, masu farautar 'yan wasa, koci da mataimakansa, likitoci da masu nazarin alƙaluman wasa. Nan ne Ujiri ya yi fice. Sashe na biyu, wanda kyamara ba ta cika haskawa ba, shi ne na kasuwanci, kuma ma'aikatansa sun ninka 'yan wasan sau da yawa. Akwai mai kula da sayar da tikiti, wanda aikinsa ya cika zauren wasa sau 41 a kowace kaka, har a ranar da ƙungiyar ke shan kashi. Akwai mai hulɗa da kamfanoni masu ɗaukar nauyi, shi ke sayar da gurbin talla a ƙirjin jesi, a gefen fili, har da sunan zauren kansa. Akwai shugaban sashen kuɗi da ke tsara kasafin shekara ya kuma hana a kashe abin da babu. Akwai lauya mai rubuta kwantiragi, da jami'in yaɗa labarai, da mai kula da zaure da tsaron 'yan kallo, da mai hulɗa da makarantu da unguwanni domin yaron da ya kalli wasa kyauta yau ya zama mai sayen tikiti bayan shekara goma. A samansu duka akwai shugaban harkokin kasuwanci, wanda ke amsa tambaya gaban masu ƙungiyar idan lissafi bai fita ba. Koci ana auna shi da yawan wasannin da ya ci, shi kuwa wannan ana auna shi da kuɗin da ya shigo, da kujerun da suka cika, da kamfanonin da suka yarda su sake sa hannu a shekara mai zuwa.

Abin da wannan sashe ke kawowa ba ƙarami ba ne. Zauren da Raptors ke wasa a Toronto, bankin Scotiabank ya amince ya biya dalar Kanada miliyan 800 cikin shekara 20 domin kawai a kira ginin da sunansa. A 2024 NBA ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta na shekara 11 ga Disney da NBC da Amazon kan kuɗin da ya kai kimanin dala biliyan 76. Wani abin lura kuma, yarjejeniyar da ke tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta ba 'yan wasa kusan rabin duk kuɗin da wasan ya samar. Ma'ana albashin tauraron da ake tafa wa yana hawa ne ko ya sauka gwargwadon ƙoƙarin mutanen ofis. Su kuma waɗannan mutane ba daga hanya ɗaya suka fito ba. Rick Welts ya fara ne yana yaro mai ɗauko wa 'yan wasa ƙwallo a ƙungiyar Seattle a 1969, ya kai ga zama shugaban Golden State Warriors, a zamaninsa ne ƙungiyar ta gina sabon zaurenta da aka buɗe a 2019. Cynthia Marshall ta shafe sama da shekara 30 a kamfanin sadarwa na AT&T kafin a ɗauko ta a 2018 ta shugabanci Dallas Mavericks a lokacin da ofishin ƙungiyar ya shiga abin kunya. A nahiyarmu ma, Clare Akamanzi, lauyar da ta shugabanci hukumar jawo jari ta Ruwanda, ita aka naɗa a kan reshen NBA na Afirka daga farkon 2024. Sana'a ce da ke da ƙofofi da yawa, mai ilimin lissafi, da lauya, da ɗan jarida, da ɗan kasuwa duk suna da gurbi.

Za a ce ina ruwan Suleja da biliyoyin Amurka. Gaskiya ne kuɗin ba ɗaya ba ne, ba kuma za su zama ɗaya ba a rayuwarmu. Amma tarihin wasan a Najeriya cikin shekara goma da suka wuce ya nuna a fili inda ciwon yake. Ta fuskar 'yan wasa ba mu da abin kuka. 'Yan wasan ƙasa maza, D'Tigers, sun ci kofin Afirka a 2015, a Yulin 2021 kuma suka doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas. Takwarorinsu mata, D'Tigress, sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025, kuma a gasar Olamfik ta Faris a 2024 suka zama tawagar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka da ta kai zagayen 'yan takwas. Kano Pillars ta zo ta uku a gasar zakarun kulob na Afirka a 2016, Rivers Hoopers ma ta zo ta uku a gasar BAL ta manyan kulob na Afirka a 2024. A daidai wannan lokaci ne kuma hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta rabe biyu a Yunin 2017, aka yi zaɓe ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, ɓangaren Tijjani Umar da na Musa Kida kowa na cewa shi ne halastacce. Gasar cikin gida ta maza, wadda DStv da Kwese suka taɓa ɗaukar nauyinta, ta shiga tangal-tangal na shekaru. A 2021 'yan matan D'Tigress sai da suka fito a bidiyo suna neman haƙƙoƙinsu. A farkon 2022 aka sake yin zaɓe biyu, a watan Mayu gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga gasannin duniya, kafin a soke matakin an riga an ba Mali gurbin matanmu a gasar cin kofin duniya. Babu ko ɗaya cikin waɗannan asarori da ya faru saboda wani ya kasa jefa ƙwallo a kwando. Duka a ofis aka yi su.

Dubi Ruwanda kuma, ƙasar da ba ta kama ƙafarmu ba wajen yawan 'yan wasa. Ta buɗe zaure mai ɗaukar mutum 10,000 a Kigali a 2019, ta karɓi baƙuncin kakar farko ta BAL a 2021, ta sayar wa Bankin Kigali sunan zauren a 2022. Har zuwa kakar 2025 ba a buga babbar gasar BAL a Najeriya ba, ana ta kai ta Kigali da Dakar da Alƙahira da Pretoria da Rabat. Abin da ya fi ci mini rai shi ne cibiyar wasanni da otal da Ujiri ya jagoranci ginawa, wadda ya sa wa suna Zaria Court don tunawa da garin da ya rene shi, a Kigali aka fara gina ta. Mai jari yana zuwa ne inda ya ga an tsara takardu, inda akwai wanda zai zauna da shi a teburi ya cika alkawari.

Tushen matsalar a matakin kulob shi ne yawancin manyan ƙungiyoyinmu, na ƙwallon ƙafa da na kwando, mallakar gwamnatocin jihohi ne, ana kuma tafiyar da su kamar wani sashe na ma'aikata. Shugaban kulob naɗin siyasa ne, yana zuwa da gwamnati ya tafi da ita. Kuɗi na fitowa ne idan an sa hannu a takardar buƙata, don haka ƙwarewar da ake nema a wurinsa ita ce sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa a gidan gwamnati. A irin wannan tsari babu mai asara idan zaure ya zama wayam, babu kuma mai samun lada idan ya cika. Ba na zargin mutanen da ke riƙe da waɗannan kujeru, da yawansu masoya wasa ne da ke ciro kuɗi daga aljihunsu idan tafiya ta matse. Tsarin ne bai ɗora wa kowa alhakin nemo kuɗi ba. Jihar Neja na da Niger Potters a ƙwallon kwando da Niger Tornadoes a ƙwallon ƙafa, dukansu a Minna, kimanin kilomita 100 daga Suleja. Ba cewa nake a ƙwace komai daga Minna ba. Cewa nake jihar na buƙatar ƙungiya ta biyu da za a gina a kan wani tubali dabam, kuma Suleja ce wurin da gwajin zai fi yin kyau.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Madalla zuwa Zuba da sassafe ya ga yawan mutanen da ke kwarara Abuja aiki. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828, wanda ya sadaukar da sunansa ga babban birnin tarayya, yau shi ne makwancin dubban ma'aikatan wannan birni, masu albashi a ƙarshen wata, masu 'ya'yan da ke neman wurin zuwa ranar Asabar. Yana kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, yana da kasuwar IBB da bankuna da dillalan kaya, yana da makarantu masu zaman kansu birjik, ga kuma makarantar tarayya ta yara masu hazaƙa. Hausawa da Gbagyi da Koro da Nufawa da Yarabawa da Ibo duk suna zaune tare, wasan kuwa yana da farin jini a tsakanin matasan birni na kowace ƙabila. Ofisoshin kamfanonin da za a nemi tallarsu suna nan kusa a Abuja, manaja zai iya zuwa ganawa da safe ya dawo kafin la'asar. Shi kansa wasan ba ya cin fili: mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, 'yan wasa 12 sun isa tawaga, motar bas ɗaya ta kwashe su da kocinsu. Kuɗin riƙe irin wannan ƙungiya bai kai na kulob ɗin ƙwallon ƙafa ba ko kusa.

Babbar hujjar masu shakka ita ce mutanenmu ba za su biya kuɗi su kalli ƙwallon kwando ba, musamman a wannan zamani na tsadar rayuwa. Wannan hujja tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Sai dai ba gaskiya ba ne cewa talakan Arewa ba ya biyan kuɗin kallo. Kowane ƙarshen mako matasa na biya a gidajen kallo domin su ga wasan da ake bugawa a Ingila da Sifaniya. A gidan damben Dei-Dei, nan kusa da mu, ana biyan kuɗin ƙofa, kuma harkar na tafiya ne saboda akwai mai gida da ke tsara karawa, da mai tsaron ƙofa, da makaɗa, da lokacin da kowa ya sani za a fara. Masu dambe sun daɗe da gane abin da kulob ɗin gwamnati bai gane ba, cewa ɗan kallo abokin ciniki ne, sai an sanar da shi, an tanadar masa wurin zama, an fara a kan lokaci, an sallame shi lafiya. Ƙwallon kwando bai kai ƙwallon ƙafa farin jini ba a Suleja, wannan haka yake, amma farin jini abu ne da ake ginawa, kuma gina shi shi ne ainihin aikin jami'in kasuwanci. Sannan tikiti kaɗai ba ya riƙe kulob a ko'ina. Kamfanoni sun riga sun nuna suna sa kuɗi a wasan nan a Najeriya: Milo ta shafe sama da shekara 20 tana ɗaukar nauyin gasar makarantun sakandare, bankin Zenith ya daɗe yana riƙe da gasar mata. Abin da kamfani ke nema kafin ya saki kuɗinsa shi ne rajista, da asusun banki da sunan ƙungiya, da rahoton kuɗi da aka bincika, da alƙaluman mutanen da suka halarci wasa, da mutum ɗaya tsayayye da zai amsa waya. Koci ba zai iya samar da waɗannan ba, ba aikinsa ba ne.

Ofishin da nake magana a kai ba ya buƙatar bene. Mutum huɗu sun isa a shekarar farko. Manajan kasuwanci zai yi wa ƙungiyar rajista a hukumar rajistar kamfanoni, ya rubuta kasafin kaka guda daga kuɗin hayar fili har zuwa na magani, ya bi 'yan kasuwar gari da kamfanonin Abuja da takardar farashin talla a hannu. Akawu zai tabbatar kowace naira ta bi ta banki, a kuma buga rahoto a ƙarshen shekara kowa ya gani. Jami'in yaɗa labarai zai riƙe Facebook da TikTok da WhatsApp, ya shirya da gidajen rediyo, ya watsa wasa kai tsaye ko da da wayar hannu ce, da Hausa da Turanci. Na huɗu zai kula da ranar wasa da makarantu: kujeru, ruwan sha, tsaro, masu sayar da abinci da za su biya kuɗin rumfa, da gasar ɗalibai wadda daga cikinta 'yan wasan gobe za su fito. A haɗa da lauya na wucin gadi da zai tabbatar kowane yaro yana da kwantiragi a rubuce da takardar haihuwa ta gaskiya, domin ranar da wata babbar ƙungiya ko makarantar waje ta zo nemansa, kada a yi cinikinsa a bayan fage shi da iyayensa da kulob ɗin su tashi a tutar babu. A ba manajan wa'adin shekara uku da ma'aunin da aka rubuta, a ɗora wani kaso na albashinsa a kan abin da ya shigo da shi. Idan ya gaza a sallame shi kamar yadda ake sallamar koci.

Wasu za su ce kuɗin da za a biya mutum huɗu a ofis gara a ƙara wa 'yan wasa, tunda su ke zubar da gumi. Tausayi ne mai kyau, amma 'yan wasan su ne na farko da ke shan wahala idan babu ofis, su ke bin bashin alawus, su ke kwana a tasha, su ke jinyar gwiwa da kuɗinsu. Wasu kuma za su ce wasanni hidimar jama'a ce, gwamnati ce ya kamata ta ɗauki nauyi. Gwamnati na da rawar takawa, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ta ba da fili, ta sa rufi da fitilu masu aiki da hasken rana, ta ba da tallafin farawa na shekarun da aka ƙayyade wanda zai riƙa raguwa. Abin da bai kamata ta yi ba shi ne naɗa manaja. Wannan haƙƙin masu hannun jari ne, 'yan kasuwar gari da magoya bayan da suka sa kuɗinsu. Ita kanta gwamnatin tarayya ta amince da manufar ɗaukar wasanni a matsayin masana'anta tun 2022, saura a ga hakan a ƙasa.

Akwai kuma batun tarbiyya, wanda iyaye ke da haƙƙin tambaya a kai. Wani kaso mai tsoka na kuɗin talla a wasanni a yau daga kamfanonin caca da na barasa yake fitowa, gari irin Suleja kuwa ba zai lamunci a liƙa wannan a ƙirjin 'ya'yansa ba. Nan ma amsar tana ofis. Manajan da ya san garin shi zai san tallar da zai karɓa da wadda zai mayar, ya tsara lokacin wasa yadda ba zai ci karo da sallah ba, ya ware wurin zaman iyali. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta ɗage haramcin rufe kai tun 2017, don haka yarinya na iya wasa da hijabinta, kuma tawagar mata na iya zama abin alfaharin garin idan an tsara ta da mutunci.

Ga matasanmu da suka karanta lissafin kuɗi ko harkar kasuwanci ko aikin jarida a Lapai da Bida da Minna da Gwagwalada suna zaune ba aiki, wannan fage ne da ba a cika shi ba. Kada ku jira a buɗe kulob. Ku shirya gasar 'yan uku-uku tsakanin makarantun unguwarku, ku nemo mai shago ya sayi kofi a sa sunansa, ku rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ku nuna wa jama'a. Wannan takarda ita ce shaidar ƙwarewarku ranar da za a nemi manaja. Ina kira ga majalisar masarautar Suleja, da ƙaramar hukuma, da shugabannin 'yan kasuwa, su zauna da ma'aikatar wasanni ta jiha su kafa kwamitin masu jari, su tallata kujerar manajan a fili, su yi wa masu nema jarrabawa, su ɗauki wanda ya fi cancanta ko ɗan gidan wane ne. Bayan ya kawo kasafi da sa hannun masu ɗaukar nauyi na kakar farko, sai a kira yara gwaji.